Layi Biyu

Ƙanwata ta dangwarar da tsinken gwajin ciki a kan kantar kemis ɗina, tana sharɓar kuka. Layi biyu ne.

"Yaya, ke kika ba ni ƙwayoyin tsarin iyalin nan, kika ce suna aiki!"

Na karɓi katin ƙwayoyin daga hannunta na duba. Guda uku na nan daram, ba a ɓalle su ba.

"Suna aiki ga mai sha kullum," na ce. "In ba fashi, da ƙyar mace ɗaya cikin ɗari ke ɗauka a shekara. Ke kin tsallake kwana uku."

"Kwana uku kacal! Ga na goye ko yaye shi ban yi ba. Wallahi Yaya, ke kin huta."

Wai na huta. Shekarata goma sha ɗaya da aure, ban taɓa haɗiyar ƙwaya ɗaya ba, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ita kuwa mantuwa ma ciki take ba ta.

Na rarrashe ta, ta tafi ta manta tsinken.

Ban jefa shi a shara ba. Na tura ƙofar shago, na zauna, na daɗe ina kallon yadda layi biyu yake a tafin hannuna.