Buhu Casa'in, Tsiro Kashi Talatin

Haba Tasi'u, har ka gama? Ka ce fomular da ka haɗa a kwamfuta ta yi aiki, to ka duba abin da ta kwaso maka kuwa? Jawo kujera ka ji abin da ya sami wani.

Ma'aikaci ne a wata ƙungiyar manoma, shi ke tantance irin masarar da za a raba kafin damina. Kowane sito da wakilinsa, wanda zai jiƙa ƙwaya ɗari a tsumma, ya ga nawa suka tsiro, ya turo saƙo ta waya. To ka san mutanenmu, babu mai rubuto lamba tsurarta. Wannan sai ya yi sallama ya gaida iyali kafin ya ce 88%. Wancan ya ce "kimanin 91% da yardar Allah". Wani har da kukan babur ɗinsa ya lalace. Ma'aikacin ya juye saƙonnin a jadawalin kwamfuta, kowane saƙo a nasa gidan, ya zauna tsince lambobin da hannu, yana tsaki, har idanunsa suka fara ruwa. Da abin ya ishe shi sai ya haɗa fomula, ya umarce ta da ta ciro duk lambar da ta fara cin karo da ita a cikin rubutu. Ya san abin da ya kamata shi ne ta nemo alamar kashi, wato %, ta ɗauki lambar da ke jingine da ita, amma wannan ƙarin aiki ne, shi kuwa ya ƙosa. Ya ja fomular har ƙasa, lambobi suka jeru reras. Ya leƙa na sama-sama, ya ga daidai, ya rufe.

Ashe can ƙasa wani wakili ya rubuto: "Buhu 90 ne a nan, ruwa ya taɓa su, tsiro 30%." Fomula ba ta san buhu ba, ba ta san ruwa ba, ta cafko casa'in ta ajiye. Irin ya hau sahun gaba, aka loda shi a mota zuwa wani ƙauye mai nisa. Ruwan shuka ya sauka, mutane suka fita da sungumi suka binne shi da murna. Da lokacin tsiro ya yi, sai ga gonaki giɓi-giɓi kamar bakin tsohuwa. Wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata gona ɗaya tak ta riƙa bin ramuka tana tonawa da yatsa, tana fito da ruɓaɓɓiyar ƙwaya. Kafin a kawo musu wani irin, damina ta yi nisa, masarar da aka sake shukawa ruwa ya ɗauke ya bar ta tana bunƙasa goyo. Ma'aikacin ya fusata, ya rantse sai an kori wakilin nan. Ya buɗe jadawalin don ya karanto wa shugabanni ƙaryar da aka turo masa, sai ga talatin zaune a ƙarshen saƙon, da alamarta a gefe, tun ranar farko.

Saboda haka buɗe kwamfutar nan, Tasi'u, ka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ka daina ce mini ai lamba ta fito. Shi ma lamba ce ta fito masa. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.