Furen Damina Ɗaya

Ina aji uku a firamare lokacin. Wata rana da la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, Baba ya kira ni bayan gidanmu a Unguwar Dosa. Na same shi tsugune, ko kayan ofis bai cire ba, a gaban tsofaffin gwangwanayen madara da ya yi shuka a ciki. Furanni ne ƙanana masu launin shunayya, sun dunƙule wuri guda, ruwa na ɗiga daga ganyensu.

"Zo nan, Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Rufe ido ki shaƙa."

Na rufe. Ƙamshin ya shigo a hankali, kamar madara da sukari a kan wuta, kamar ana gasa kek a wani gida mai nisa. Na daina jin motocin titi. Sai na ji kamar ƙasa tana lilo da ni.

"Heliyotirof ake ce masa. Abokin aikina ya ba ni irin. Damina ɗaya yake yi, ya mutu."

Na buɗe idanuna, ƙwalla ta cika su. "To Baba, me ya sa ka wahala a kansa?"

Ya yi dariya, ya share min fuska da hannun rigarsa. "Yanzu fa ba ki ji daɗinsa ba? Ai shi ke nan."

Yau na haura shekarun da Baba ya yi a duniya. Har yanzu da na so abu sai in fara tsoron rabuwa da shi. Shi kuwa ranar, zama ya yi kusa da ni a jiƙaƙƙiyar ƙasa, bai ce mu tashi ba sai da aka kira magariba.