Tukunyar da Ke Gefen Gona

Ka ce abin da mutanen Gwari suke yi wa matattunsu dariya yake ba ka. To zauna ka ji.

Wani manomi ya zo ƙasar Gwari ya sami gona. A gefen gonar, gindin wata ɗorawa, akwai tukunya kife kan duwatsu uku. Nan wata Bagwariya maginiyar tukwane ta binne ɗanta, kuma duk kaka sai ta kawo doyar fari ta ajiye, ta tsaya tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Manomin nan ya ce arnanci ne tsagwaronsa, wanda ya tafi lahira me zai yi da tukunya? Ya sa ƙotar fartanya ya fasa ta, ya sare ɗorawar, ya ja kunya ta bi ta kan wurin. Da matar ta zo ba ta zage shi ba. Cewa ta yi, "Na san ba ya cikin tukunya, yana wurin kakanninsa. Don ni aka kife ta, in san inda zan tsaya." Muka yi dariya. Na ce muka, don ina wurin, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan shekara huɗu Allah ya karɓi ran 'yar manomin, ita kaɗai gare shi. Ruwan farko ya baje kaburbura. Ya je yi mata addu'a, ya wuni yana zagaye tsakanin kaburbura biyu bai san wanne ne nata ba, shi da ya ce matacce ba ya buƙatar komai. Da ƙyar mai haƙan kabari ya gane masa, ya ce ya nemo tukunya ya sa shaida kafin ruwa na biyu. Duk yankin kuwa maginiya ɗaya ce, Bagwariyar nan. Ya je ya tsaya a ƙofarta. Ta dube shi, ta zaɓo wadda ta fi gasuwa ta miƙa masa. Ta ce, "Kife ta za ka yi, kada ruwa ya taru. Yi sauri, kai ka san inda taka take." Ita har ta mutu ba ta sake gane inda nata yake ba.

Hausawa sun ce, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.