Jirgin da Ya Ƙi Isa Gaɓa

Karo na uku ke nan tana duba agogo, ga shi ko rabin shafi ba ta ci ba.

Tun da idanun Baba suka daina gani, babbar 'yarsa ta yi masa alkawari: duk Asabar za ta rufe kantin maganinta ta zo ta karanta masa littafin nan, har su ga ƙarshensa. Shi ya zaɓa, ya laluba kantar littattafansa ya zaro wanda ya fi kowanne kauri. Ta ɗauka wata biyu za su yi. Yau wata bakwai.

Littafin kuwa sai haƙuri. Labarin wani jirgin ruwa ne da ya ƙi isa gaɓa, marubucin kuma ba ya gajiya da maimaita kansa. Ta rantse cewa sau uku ke nan kukun jirgin nan yana faɗawa ruwa ana tsamo shi, kamar ba shi da wata sana'a.

Ta gaji. Waya na ta ƙugi a cinyarta, masu sayen magani na nemanta, ƙafarta ta ƙi zama wuri ɗaya. Ƙannenta kuwa sai ranar da suka tuna suke bugo wa tsohon waya.

"Baba, tsakani da Allah, littafin nan yana yi maka daɗi?"

"Ci gaba dai, uwata."

"Mu bar shi haka mana. Kullum gyangyaɗi kake yi."

"Ina jin ki. Ai kin yi alkawari."

Ta zuba shafi ashirin kamar ana korarta, ta soka guntun kwalin maganin da suke alama da shi, ta ajiye littafin kusa da hannunsa yadda yake so.

A bakin mota ta yanke shawara. Asabar mai zuwa za ta ce aiki ya yi yawa, daga nan maganar ta bi ruwa. Ta ji kunyar kanta, amma ta gama. Ta laluba jaka, babu makulli.

Ta koma, ta cire takalmi a ƙofar ɗaki. Baba ya kunna rediyo, bai ji shigowarta ba. Littafin na buɗe a cinyarsa, yana lasar yatsa yana ƙirga shafi a hankali. Da ya kai sha biyar, ya zare kwalin ya mayar da shi baya.