Tarin Jar Saniya

Likitan dabbobi na shigowa garke, jar saniya ta fara tari. Nan take tsoho ya dafe ƙirji ya ɗora nasa a kai, har ya rufe nata.

Ya san abin da ya kawo likita. Ƙwayar cuta ta shiga garke, tana cin huhu tana zubar da ciki, kuma duk saniyar da aka ji tana tari, mahauta za a kai ta. Jar kuwa sau biyu ke nan tana ɓari.

Ta yi, ya yi. Ta sake, ya sake, har idanunsa suka kawo ruwa.

"Baba, shanunka lafiya lau," in ji likita. "Kai ne abin dubawa."

"Ato, gaya masa dai!" matarsa ta ce daga bakin shinge. "In ya ƙara ko sau ɗaya, asibiti za mu, ko a baro ne."

Tsoho ya rufe bakinsa gam. Amma maƙogwaro ya riga ya saba, tari na gaske ya ƙwace masa.

Ba wanda ya ji, domin jar saniya ta ɗaga kai ta rufe nasa da nata.

A hankali likita ya juyo.