Ranar Unguwar Majema

Tun da aka hana ƙona dizal a birni, janaretan ofishin kashe gobara ya koma zuƙar lantarki daga batiran gidajen mutane, kowace unguwa da ranarta. Yau ranar Majema ce, unguwar su Kubura mai karɓar kiran gaggawa.

Tun safe ta kasa zaune ta kasa tsaye. An ɗauke wuta, ga mahaifiyarta a gida da na'urar numfashi a hanci, na'urar kuwa da batirin gidan take aiki.

Da azahar aka kira: gobara a kasuwar hatsi, da mutane a ciki.

"Kubura, tayar da janareta, famfunanmu ba ruwa!" in ji Oga Sallau, shugabansu.

"Ranka ya daɗe, a ja daga unguwar Rimi mana, gobe Majema ta rama."

"Rimi ma akwai masu uwa."

Ta kira ƙanwarta a waya. "Ladidi, buɗe tagogi, ki ɗauki mafici ki zauna kusa da Inna."

"Yaya, ai Inna ta cire abin da kanta. Ta hango hayaƙi, ta ce kar ki sa mutane jira."

Kubura ta danna maɓallin janaretan. Famfunan suka tashi da ruri, ita kuwa ta toshe ɗaya kunnen, tana neman numfashin Inna a cikin wayar.