Nas da Mai Gidan Haya

An manna takardar a ƙofar banɗaki, inda ba wanda zai ce bai gani ba. Daga watan gobe kuɗin haya ya ninka. Wanda ba zai iya ba, ya kwashe komatsansa.

Nas ce ta ɓalle ta. Haka 'yan gidan suke kiranta, don aikin jinya take yi a asibitin yara. Shekararta huɗu a ɗaki na tara, ita da mijinta malamin firamare da 'ya'yansu biyu. Da safe sai an jingina katifa da bango kafin a samu wurin zama. In ana ruwa kuwa, bokiti uku take jerawa.

Kafin la'asar ta tara duka masu ɗakuna goma sha biyu na gidan a tsakar gida.

Ta ce, "Ba ma tashi, ba ma ƙara ko sisi."

Tela na ɗaki na biyu ya sosa ƙeya. "Nas, ba ki san mutumin nan ba. An ce ko gaisuwa ba ya bayarwa kyauta."

"Kai dai sa hannu."

Ya sa. Sauran ma suka sa.

Mai gidan ba ya taka ƙafarsa gidan. Dillali yake turowa, kuma ba dillalin da ke shekara a hannunsa. Na yanzu watansa biyu. Shi ne ya tare Nas a bakin ƙofa, ya yi ƙasa da murya, ya ce an yafe wa ɗakinta ƙarin in za ta yi shiru.

Ta shiga tsakar gida ta maimaita maganar da ƙarfi, har wata mai shanya ta saki zani.

Washegari aka datse ruwan famfo. Nas ta ɗauki hutun rabin yini ta kai ƙara ofishin sasanta masu gida da 'yan haya. A makon nan wayarta ba ta huta da kiran dangi ba. Sai ta duba, ta kife ta.

Mijin ya ce, "Ki ɗauka mana."

"Na san abin da za a ce mini."

Asabar ta zo ta wuce ba ta kai yaran gaida kakansu ba kamar yadda ta saba. Suka yi ta ƙorafi, ta ce su yi haƙuri.

Ranar zama, 'yan haya suka cika benci biyu. Mai gidan ya shigo yana ɗingishi, tsohon akawu mai farar ƙasumba, dillali na biye da jakarsa. Nas ta miƙe ta tura masa kujera mai hannu, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya kau da kai ya zauna.

Da aka ba shi dama, sai ya zazzage. 'Yan zamani ba su san wahala ba. Kuɗinsu a waya yake ƙarewa. Shi yana da shekara talatin ya gina wannan gida da albashinsa, ba bashi, ba roƙo. "Ni ko ɗan cikina ba ya zama mini a gida kyauta, balle wasu!"

Nas ta buɗe jaka ta fito da wata tsohuwar takarda da ta yi ja don daɗewa, ta ajiye a gaban mai sasanci.

"Ranka ya daɗe, ga rasidin filin. Albashinsa na wata biyar ya saye shi. Ginin kuma ya ci na shekara biyu. Ni da mijina mun yi lissafi: in muka daina ci da sha, muka haɗa albashinmu, sai mun shekara ashirin da shida kafin mu sayi fili irinsa. Fili kawai, ba bulo ko ɗaya. A ɗora mana talauci, sannan a ce mana ragwaye? Ba za mu ɗauka ba."

Tsohon ya ƙura wa takardar ido. "A ina kika samo wannan?"

Ta koma benci ta zauna.

 Da ya sake magana, muryar ta sauka. Ya ce fanshonsa maganin kwana goma yake saya masa. Na sauran kwana ashirin ɗin daga kuɗin hayar gidan yake fitowa.

Nas ta ce, "Na sani. Kai ma an cuce ka. Amma ba a wuyan Tela za ka fanshe ba."

Mai sasanci ya yanke: ƙarin kashi ɗaya cikin goma, shi ma sai an gyara rufi an maido da ruwa. Ba a korar kowa sai da sanarwar wata shida. Tela ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Nas ba ta yi dariya ba. Tana kallon yadda tsohon ke fama da tashi daga kujera, ta miƙa hannu, ya ture.

A bakin ƙofa dillali ya matso kusa da shi, yana neman gyara aikinsa.

"Ka bar ni da ita, ranka ya daɗe. Wata shida kawai, zan watsa mata kaya waje. Wannan mara kunya! Wanda ya haife ta dai ya yi asara."

Tsohon ya tsaya cak. Ya fizge jakarsa daga hannun dillali, ya waiga ya dubi Nas tana tsaye a tsakiyar mutanenta, kai a sama. Sannan ya ɗaga murya yadda duk ofishin zai ji.

"Iya bakinka. Ni na haife ta."